Tarun da ke Saman Ƙoda

Ƙarfe biyar na asuba nake isa mayankar Elche,
akwatin ƙanƙara a kujerar baya, kofi ya huce a hannuna.
Batiste ba ya amsa gaisuwa sai ya ɗauraye wuƙa.
Yakan zura hannu cikin kitsen da ya lulluɓe ƙodar sa,
ya zaro ɗan ƙullutu, da kyar ya kai babban yatsa,
ya ce, "Ungo, Neus, ga tsoron bijimin nan,
bai samu ya ƙarar da shi ba."
Goma sha biyu yau. Ɗaya wuƙa ta ɓata.

A Alicante, hawa na biyu, ɗakin da ba taga,
na yanka, na jiƙa, na tace, na shuka a faranti.
Kwana uku ina canza musu ruwa kamar mai reno,
ran na huɗu na kashe fitila, na kafa ido a madubi.

Ga ƙwayar nan, cikinta maƙil da 'yan jakunkuna,
kowace an ɗura mata adirenalin an ɗaure baki.
Ga abin da ya tare musu hanya:
zaren aktin, kore shar saboda rinin da na zuba,
an saƙa shi sau da sau a ƙarƙashin fatar ƙwaya.
Na san wannan saƙar.
Kakata Empar shekara hamsin tana ɗinkin taru
a bakin ruwan Santa Pola, ƙafa a miƙe,
zare a haƙori, gishiri ya cinye mata farce.

Na ɗiga saƙon da jijiya ke kawowa.
Kalsiyam ya kutso kamar ruwa ya samu tsaga,
sindarin ya farka da almakashinsa,
ya datse nan, ya tsallake can, ya datse gaba,
miyosin ya kama igiya yana ja,
jakunkuna suka bi ɓula ɗaya bayan ɗaya.
Allurar da ke auna su ta hau tsalle a allo.
Kafin in saki numfashi, an fara ƙulla zare.

Shekara biyu ina kiran tarun nan kurkuku.
Har na rubuta shi, da baƙin tawada, a shafi na tara.
Sai wata Talata na ce bari in yi musu gata,
na ɗauko dafin soson teku mai narkar da aktin,
na zuba da yawa, tarun ya tafi ƙurmus.
Na gyara zama ina jiran ambaliya.

Shiru.
'Yan tsalle kaɗan, sai allura ta kwanta.
Jakunkuna sun iso ƙofa sun yi cirko-cirko,
ba igiyar bi, ba mai matsa su su amayar.
Ashe hannun da ya tare shi ne ke turawa.
Na maimaita sau shida don ban so ya zama gaskiya.

Da dare a hanyar gida, daidai kwanar gonar lemo,
aladen daji ya faɗo titi da 'ya'yansa uku.
Ban san lokacin da na taka burki ba.
Mota ta tsaya, zuciya ba ta tsaya ba,
bakina ya bushe, yatsuna na rawa a kan sitiyari.
Can saman ƙodata an datse, an ja, an matse,
ba wanda ya nemi izinina.
Na zauna ina jin ana mayar da ƙulli.

Empar takan ce wa masunta masu gaggawa,
"Ku bar raina mai ɗinki,
ba ita ke hana kifi zuwa kasuwa ba."
Ina 'yar shekara tara, na ɗauka mita ce.

Gobe zan soke shafi na tara.
Jibi Alhamis, Batiste zai yanka ashirin,
kuma har yanzu ban sayo ƙanƙara ba.